Sawun Dorugu, Yaron Da Ya Ratsa Kurfi A 1853

 

Yau bin sawu za mu yi. Mutum ya rasu fiye da shekara ɗari, duk wanda ya gan shi da ido ya bi shi, kuma ba ɗan gidan sarauta ba ne balle maroƙa su riƙe masa kirari. Ta ina za a kama har a gano shi? Maimakon mu yi ta jero ƙa'idoji, mun ga ya fi mu ɗauki mutum guda mu bi shi zango-zango. Wanda muka ɗauka ya taɓa ratsa ƙasar Kurfi, nan kusa da mu mutanen Maƙera, kuma abokin sana'armu ne, ko da yake da wuya a ji an ambace shi a taron marubuta. Sunansa Dorugu.

Ranar 21 ga Maris 1853 wani ayari ya fita birnin Katsina zai tafi Sakkwato. Zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaji ne. A cikin ayarin akwai Galadiman Sakkwato da jama'arsa, akwai kuma Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Hanyar da ta fi kusa ba ta biyuwa a lokacin saboda tsoron rundunar Gobirawa, don haka suka yi kudu zuwa Kuraye, suka biyo ta Kurfi, sannan suka miƙa ta Zakka har Zurmi. Barth ya siffanta Kurfi a littafinsa, da duwatsunta da irin ganuwa da ramukan tsaron da aka kewaye ta da su. Sai dai bai rubuta Kurfi ba, Kurrefi ya rubuta. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Littafin tafiyar Barth mujalladi biyar ne, an buga su a 1857 da 1858, da Jamusanci da kuma Ingilishi. A farkon mujalladi na huɗu, inda yake lissafa barorin da suka taso da shi daga Kukawa a watan Nuwamba 1852, ya ambaci wasu yara biyu 'yantattu: Abbega, ɗan ƙabilar Margi, da wani yaro Bahaushe da ya rubuta sunansa Dyrregu. Har zanen kamanninsu ya sa a shafin. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg ne ya 'yanta su, da ya rasu a bakin tafkin Chadi a watan Satumba 1852 sai suka koma hannun Barth.

Yaro bara ba ya samun ambato a kowane zango. Ubangidan yana can yana tambayar sunayen garuruwa da farashin kaya a kasuwa, ina ya ga lokacin yaron da ke jan raƙumi? Amma tunda takarda ta nuna tare suka taso daga Kukawa, kuma yaron daga baya ya ba da labarin Tambutu da bakinsa, to duk garin da Barth ya ratsa a tsakani shi ma ya ratsa. Da haka muka iya sa ƙafar Dorugu a Kurfi, yana ɗan shekara goma sha uku ko kusa da haka. Ƙaramin mutum a tsohuwar takarda haka ake kama shi: a nemo babban da yake bi, a jera kwanakin babban, sai a ga inuwar ƙaramin tana biye.

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Mahaifinsa makaɗi ne. Yana ƙarami aka kama shi aka kai shi Zinder, daga nan aka wuce da shi Kukawa a matsayin bawa, ya bi hannu-hannu har ya faɗa aikin raƙuma wajen Overweg. Wannan duka daga bakinsa aka samo, ba daga Barth ba. Yadda aka yi bakin nasa ya zama takarda shi ne wurin da ya fi shafarmu mu masu alƙalami.

Sun isa Tambutu a watan Satumba 1853, suka baro ta a 1854, suka dawo Kukawa ta Sakkwato da Kano, sannan suka keta hamada zuwa Tarabulus. A watan Satumba 1855 suna Landan. Barth ya kai yaran garinsu Hamburg, daga baya aka dawo da su Ingila da niyyar a mayar da su gida. Nan wani fasto mai suna James Frederick Schön ya shiga tsakani ya ɗauke su zuwa gidansa a Chatham, abin da bai yi wa Barth daɗi ba ko kaɗan.

Shi ma Schön Bajamushe ne, ɗan mishan na ƙungiyar CMS. Ya shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya koyi Hausa wajen 'yantattun bayi a Saliyo, har ya fitar da ɗan littafin kalmomi a 1843. Amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. To mutum irin wannan ya sami yaro Bahaushe mai kaifin tunani a cikin gidansa, ai kamar mai haƙar rijiya ne ruwa ya ɓullo masa a tsakar ɗaki. Abbega ya koma Afirka a 1857. Dorugu kuwa ya zauna har 1864, yana faɗa Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, karin magana, labarun ƙasa, da labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Ingila. Da taimakonsa aka yi fassarar wasu sassa na Baibul, aka yi nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876. A 1885 aka buga Magana Hausa, kuma a cikinsa ne labarin rayuwar Dorugu ya fito.

A 1877 Faransawa suka ba Schön lambar Volney saboda aikinsa a kan Hausa, a 1884 jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Ba mu ce ya ɓoye yaron ba. Ya faɗa a fili cewa daga bakin Dorugu ya ɗauka, kuma ba don ya zauna ya rubuta ba da yau babu abin da za mu karanta. Amma bangon littafi sunan mutum ɗaya yake ɗauke da shi, kuma da sunan da ke bango ake jera littafi a laburare. Wanda ya je neman Dorugu a ƙarƙashin harafin D zai dawo hannu rabbana. Haka ya faru da Baba ta Karo kusan shekara ɗari bayan nan: ita ta ba da labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, amma littafin da ya fito a 1954 a ƙarƙashin sunan Mary Smith za ka same shi.

Mu da muke ƙungiyoyin marubuta mun saba fara tarihin zube na boko daga gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Babu laifi, don ƙagaggen labari daga nan ya kankama. Amma shekara 48 kafin wannan gasa an riga an buga doguwar hira ta Bahaushe yana ba da labarin kansa da Hausa a haruffan boko. Yaron da aka sace aka keta hamada da shi, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ƙaga a Shaihu Umar, ga wani nan da abin ya same shi da gaske, sai dai shi ya keta hamadar yana ɗa. Abin da ya fi daɗin karatu a ciki shi ne inda madubi ya juya. Mun saba Bature ya zo ya kalle mu ya rubuta. A nan yaro Bahaushe ne yake kallon Turawa a gidajensu, yadda suke zaman cin abinci da irin shigar matansu, yana ba da labari kamar yadda ɗan ƙauye ke yi wa abokansa in ya dawo daga birni.

Yanzu mu koma kan Kurrefi. Mutum ɗaya ne, amma Barth ya rubuta Dyrregu, Schön ya rubuta Dorugu, da aka yi musu baftisma a 1857 kuma ya zama James Henry, Abbega ya zama Frederick Buxton. Garuruwa ma ba su tsira ba. Clapperton, da ya zo a 1824, Kashna ya rubuta, Barth ya rubuta Katsena. Yau an ɗora ɗimbin tsofaffin jaridu da mujallun Turai a intanet, har da mujallun 'yan mishan na wancan ƙarni, ana iya lalubensu daga waya. Sai dai na'ura abin da ka rubuta mata shi take nemowa. In ka ce mata Kurfi, ba za ta taɓa kawo maka Kurrefi ba. Ƙari a kan haka, na'urar da ke karanta tsohon bugu tana yawan ruɗewa da haruffan da suka dushe. Don haka kafin ka fara nema, zauna ka rubuta sunan ta duk hanyar da kunnen Bajamushe ko Ba'ingile ko Bafaranshe zai iya jin sa, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai gundura, kuma shi ne rabin aikin.

Bayan dawowarsa a 1864, sawun Dorugu ɗigo-ɗigo ne a rubuce-rubucen Turawan da ya yi wa tafinta. Inda ya sake fitowa sosai shi ne Kano. A 1909 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, kuma tsohon da ya iya karatun boko da Hausa tun kafin a haifi Vischer ɗin yana cikin malamanta. A nan ya rasu a 1912, shekarar da Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. Wa ya adana mana ƙarshen nasa? Matar Vischer, Isabelle, a littafin tunawa da zamanta a Arewa da ta buga da Faransanci a 1917. Ita ta ba da labarin kayan da aka tarar ya bari, har da tarin tabarau da tufafin Turawa da ya adana. Dubi inda mutumin ya warwatsu: farkonsa a littafin ɗan mishan, tsakiyarsa a littafin matafiyi Bajamushe, ƙarshensa a littafin matar jami'in ilimi, cikin harsuna huɗu. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka tattara gutsattsarin, suka sake fassara labarin daga Hausar da Schön ya rubuta, suka bi shi da bayanai suna gwada maganar yaron da ta Barth.

Wannan gwadawa tana da muhimmanci. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, yana da maƙala guda a kan zaman Barth a Katsina. Abin da ya ja hankali a kai shi ne kada a karɓi magana don kawai an same ta a rubuce da hannun wanda ya gani da ido. A tambaya wane ne shi, me ya kawo shi, da wa ya zauna, wane tunani ya taho da shi daga gida. Barth ya ji Hausa ƙwarai, amma baƙo ne mai neman a bar shi ya wuce, kuma ya sha fama da Sarki Bello a zuwansa na farko a 1851. Labarin Dorugu ma sai an yi masa wannan awo. Yaro ne yake magana a gidan mutumin da ke ciyar da shi, wanda ke son ya zama Kirista, kuma a hannun mutumin alƙalami yake. Akwai abin da yaro zai faɗa a irin wannan zama, akwai wanda zai haɗiye.

Abokinsa Abbega ta wata hanya daban aka riƙe shi. Ya zauna Lakwaja har ya yi sarautar garin a ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Jikansa ta wajen uwa shi ne Maimaina na Jega, wanda ya yi wa Turawa tafinta da leƙen asiri a lokacin da suke cin ƙasar Arewa, daga baya ya zama Sarkin Askira a ƙasar Barno. Askira kuwa ƙasar Margi ce, wato jika ya koma sarauta a ƙasar da aka ɗauko kakansa yana bawa. Maimaina ya rubuta labarin rayuwarsa da Hausa, hukumar NORLA ta buga a Zariya a 1958, kuma shi ne labari na biyu a littafin Kirk-Greene da Newman. Ka ga bambancin. Yara biyu, raƙumi ɗaya suka ja, jirgi ɗaya suka shiga. Wanda ya sami rawani, salsala ta ɗauke shi ta miƙa wa jikoki. Wanda ya ƙare a malamin makaranta, sai da aka bi takardun baƙi aka haɗa shi.

Akwai wani ɗan Kukawa da aka kama aka mayar da shi bawa kusan lokaci ɗaya da zaman Dorugu a can, kuma shi tsofaffin jaridu ne suka fi tono shi. Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda duniya ta sani da Nicholas Said. An sayar da shi ta Tarabulus zuwa Santambul, daga nan Rasha, ya zaga Turai, ya sauka Amurka a 1860. Mujallar Atlantic Monthly ta buga labarinsa a watan Oktoba 1867, shi kuma ya buga cikakken littafin rayuwarsa a Memphis a 1873. Ya ce mahaifinsa Barka Gana ne, jarumin Shehu Laminu, kuma ga Barka Gana nan a littafin Denham da Clapperton na 1826, wato takardar da ta girme shi ta shaidi akwai mutumin da yake dangana kansa da shi. Amma a littafin na 1873 bai ce komai ba game da aikin sojan da ya yi wa ɓangaren Arewa a yaƙin basasar Amurka daga 1863, don a Kudu yake zaune, cikin waɗanda aka ci da yaƙi, kuma su yake sayar wa littafin. Rijistar soja ce ta riƙe abin da shi ya tsallake. Ɗan jarida Dean Calbreath ya bi jaridun ƙananan garuruwan da Said ya yi lacca da koyarwa, ya fitar da littafi a kansa a 2023. Ashe ko mutum da bakinsa ya ba da labarin kansa, ba a rufe bincike.

To mu dawo gida, don mafi yawanmu ba wanda ya je Landan muke son nema ba. A ƙasar Katsina salsala tana da ƙarfi, amma tana da gidajen da ta fi zama. Tutar jihadi uku aka kawo ƙasar nan: ta Ummarun Dallaji, ta Ummarun Dumyawa, da ta Muhammadu Na Alhaji, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Yandaka, hakimcin Dutsin-Ma. A irin waɗannan gidaje maroƙa da makaɗa suna jero kakanni a duk bikin salla, Turawan mulki ma sun rubuta jerin hakimai a rahotanninsu. A Kurfi, wanda ya tashi rubuta tarihin marigayi Maradin Katsina Alhaji Ahmadu Kurfi ba zai sha wuya ba: shi ne sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen 1979, jaridun lokacin suna ɗauke da sunansa, kuma shi da kansa marubucin littattafai ne. Wuyar tana wajen maƙerin da ya shekara arba'in yana ƙera wa gari garma da lauje, da ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwa, da saurayin da aka kwasa aikin tilas na haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu. Su ne Dorugun garinmu. Shi kansa Ma, maharbin da ake cewa shi ya fara zama a dutsen, sunan garin Dutsin-Ma ne ya riƙe mana shi.

Irin waɗannan mutane sukan shiga takarda ne a ranar da hukuma ta buƙaci wani abu daga gare su: ranar haraji, ranar jangali, ranar ɗaukar soja, ranar shari'a. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin lardin Katsina, da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi. Sai dai a lura, Katsina ba ta zama lardi mai zaman kansa ba sai 1934. Kafin 1926 tana ƙarƙashin lardin Kano, tsakanin nan kuma tana ƙarƙashin Zariya. Wanda ke neman abin da ya faru a Kurfi a 1915, in ya tsaya a fayilolin Katsina kaɗai, ya bar rabin kayansa a wani ɗaki. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai laburaren Kashim Ibrahim a jami'ar Ahmadu Bello, akwai hukumar tarihi da al'adu a nan Katsina.

A ganinmu takardar da ta fi kowace amfani ga mai neman talaka ita ce ta kotun alƙali, musamman rabon gado. Salsalar baka takan bi ta maza, ta tsallake mata. Alkunya ma ta taya ta: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji, jikoki sun san Inna da Goggo da Hajiya amma ba su san sunan yanka ba. Alƙali kuwa ba ya raba gado sai ya lissafa magada da sunayensu, mata da 'ya'ya maza da mata, har da abin da mamacin ya bari, gona ce ko jaki ko tukunyar baba. Shafi ɗaya na rabon gado zai iya ba ka gida sukutum. Da Larabci aka rubuta tsofaffin, don haka a tafi da malamin da ya iya karanta rubutun hannu na da. Wanda ke son ganin kamannin irin wannan takarda, Allan Christelow ya fassara wasu shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, an buga a 1994.

Jarida kuwa a Arewa ba ta daɗe kamar a Turai ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Nigerian Citizen ta biyo a 1948, New Nigerian a farkon 1966. A shekarun 1950 NORLA ta riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna, ta Katsina ita ce Himma. Mai neman mutum ba babban labarin shafin farko zai bi ba. Ya duba wasiƙun masu karatu, da labarin naɗe-naɗe, da canjin wurin aiki na ma'aikatan En'e, da labarun sojojin da ke Bama. Ya kuma tuna jaridar hukuma ce, wadda aka kafa har da nufin kashe jita-jitar cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus. Abin da ya ɓata wa hukuma rai ba lallai ya shiga ba.

Sannan ga tarkon suna, irin na Dyrregu, a cikin gidanmu. Audu ne a gida, Abdu a takardar haraji, Abdullahi a makaranta, abokai kuma da laƙabi suka san shi. Makarantar boko da barikin soja sun saba liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya sa muke da Isa Kaita da Bello Kagara da Ahmadu Kurfi. Wannan yana taimako, yana kuma yaudara, don wanda aka ɗauka soja daga ƙauyen Kurfi yana iya fitowa a rijista da sunan Katsina. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta ɗora sunayen sojojin Afirka ta Yamma da suka mutu a intanet, kuma da yawa haka suke, suna da gari kawai. Maƙera ma ba mu kaɗai ba ne: akwai a Funtuwa, akwai a Kaduna, akwai Maƙerar Assada a Sakkwato. Ganin Makera a jarida bai isa a yi murna ba sai an ga gunduma ko sunan hakimi a kusa. Shekaru kuwa tsofaffinmu da aukuwa suke ƙirga su. In tsohuwa ta ce an haifi babanta shekarar Kakalaba, 1914 ke nan ko dab da ita. Yunwar Mai Buhu 1927, 'Yar Gusau 1942, rasuwar Sarki Dikko 1944, zuwan Sarauniya 1956. Da waɗannan ake ɗaure maganar baka a jikin kalanda, sannan a san jaridar wace shekara za a buɗe.

Akwai abu ɗaya da bin sawu kan tono wanda ba kowa ke son ji ba. Dorugu da bakinsa ya ce an kama shi an sayar. A garuruwanmu kuwa har gobe kalmar bawa tana hana aure. Gidaje da yawa salsalarsu ta tsallake wannan mataki, ta ɗauko kaka daga Gabas ko daga Barno. In takardar kotu ta nuna maka an 'yanta kakan wane, ko an fanshe shi, kana riƙe da abin da zai iya ƙona mutanen da suke raye, waɗanda ba su aike ka ba. Ra'ayinmu shi ne gidanka naka ne, ka shawarci manyanka ka rubuta. Gidan wani kuwa sai da yardarsu, in ba haka ba ka sauya suna da gari ka mayar da shi ƙagaggen labari, ka kuma faɗa wa mai karatu cewa ƙagagge ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a cike gurbi da ƙirƙira a kira shi tarihi, don bayan shekara ashirin wani ɗalibi zai ɗauko shi a matsayin hujja.

Takardun Kaduna za su iya jira, tsofaffi ne ba za su jira ba. Matsalar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka a Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari, dattawan da suka san wa ya haifi wa sun watsu a gidajen 'yan'uwa a cikin gari, wasu an baro akwatunan takardunsu a baya. Wanda zai gwada wannan aiki ya ɗauki suna ɗaya tak, ya sami mafi tsufa a dangi, mace in da hali, ya nemi izini ya kunna rikodar waya. Ya tambayi sunan yanka da laƙabi da sunan da surukai ke kiran mutumin, da sana'arsa, da wanda ya yi wa barantaka ko ya bi fatauci, da sarkin da ke kan gado lokacin da ya yi aure. Ya ɗauki hoton duk wata tsohuwar takardar haraji ko ta gona ko ta sallama daga soja da ke cikin adaka, gaba da baya, har da hatimin da ke jiki.